Takardar gwajin ƙasa ta ce gonarmu ba ta buƙatar kamfa, Baba ya ce sam

Autan Manoma ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma da malamanmu na wannan zaure. Ina neman a haska mini hanya tun ruwa bai sauka ba.

Gonar masara ce ta mahaifinmu, hekta biyu. Rabin sama jigawa ce, rabin gangare kuma da ɗan laka-laka. Tun da na yi wayo abu ɗaya ake yi mata: buhu uku na kamfa 15-15-15 da buhu ɗaya na yuriya a kowace hekta. To a 'yan shekarun nan sai amfanin ya riƙa ja da baya, musamman a jigawar. Masara kan fito gwanin sha'awa, amma da ta yi 'yan makonni sai ta tsaya cak, gefen ganyen ƙasa ya yi ja mai duhu, kara ya tsuke. In ka tuge guda ka kaɗe ƙasar, saiwar gajera ce, ta dunƙule, ba ta bazu ba. Goyo in ya zo, ƙwaya ba ta cika har baki.

Bayan kaka na ɗebi ƙasa na kai ɗakin gwaji. Ga abin da takardar jigawar ta ce: pH (ma'aunin tsamin ƙasa) 5.2, fosfaras 6 da Bray-1 (sunan hanyar awon) a rubuce a gefensa, fotashiyam 0.35, kabon kashi 0.5 cikin ɗari. A ƙasa aka rubuta shawara: N (naitirojin) kilo 90, P2O5 (fosfaras) kilo 40, K2O (fotash, wato fotashiyam) sifili, duk a hekta guda, sannan a zuba farar ƙasa tan ɗaya. Wanda ya miƙo mini takardar cewa kawai ya yi ƙasata ta yi tsami kuma ba na buƙatar fotash, wanda ɗaya ne daga sinadarai ukun da ke cikin kamfa, ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Na kai wa Baba. Ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya ce tun yana saurayi yake noma wannan gona, bai taɓa jin inda kamfa ta yi wa gona laifi ba, kuma ba zai yarda wanda bai taɓa taka gonar ba ya yanke mata hukunci da 'yar ƙasar da ko leda ba ta cika ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, don ba ni da amsarta.

Yaya zan mayar da waɗannan lambobi buhuna, tunda ba a sayar da "N kilo 90" ko'ina? Farar ƙasar nan dole ce ko ana iya tsallake ta? Kuma akwai wanda ya taɓa bin irin wannan takarda ya ga bambanci da idonsa?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam Auta. Ka gaida mini Baba da kyau, ka ce masa ya taɓo inda gizo ke saƙa. Ƙasar sama ta hekta ɗaya, zurfin santimita 20, nauyinta ya haura kilo miliyan biyu. Abin da ka kai bai fi rabin kilo ba, abin da za su ɗiba daga ciki su jiƙa kuwa 'yan giram ne. Saboda haka takardar tana da daraja ne gwargwadon yadda ka ɗebi ƙasar. In rami ɗaya ka haƙa a bakin gona ka cika leda, Baba ne ke da gaskiya, ka ajiye takardar.

Yadda ake yi shi ne a raba gona bisa kamanninta, jigawa daban, laka daban. A kowane ɓangare ka bi a karkace kana ɗiba a wurare 15 zuwa 20. Ka share ciyawa da karmami, ka haƙa ɗan rami, ka yanko ƙasa da shebur daga sama har zurfin santimita 20, kaurinta ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ka kauce wa suri, gindin bishiya, hanyar ƙafa, inda aka jibge takin gida da inda aka ƙona kara. Ka haɗa duka a bokitin roba mai tsabta, ka cakuɗa sosai, ka shanya a inuwa, sannan ka ɗebi rabin kilo. Na sha ganin manomi ya zubo samfurinsa a tsohon buhun taki, takarda ta fito ta ce gonarsa ta fi ta kowa arziki. Ka faɗa mana yadda kai ka yi.

In ɗibar ta yi daidai, ga lissafin. Lambobin da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari. Yuriya tana da N kashi 46, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kilo 90 ɗinka buhu huɗu ke nan. Sufa ta gama-gari, wadda ake rubuta wa SSP, tana da P2O5 wajen kashi 18, kilo 9 a buhu, don haka kilo 40 zai ci buhu huɗu da rabi. In sufa mai ƙarfi, wato TSP, ka samu, mai kashi 46, buhu biyu ma ba za su ƙare ba. Kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi ne na kowane ɗaya daga cikin ukun a buhu. Yanzu duba abin da kuke zubawa: buhu uku na kamfa da ɗaya na yuriya sun ba da N wajen kilo 45, P2O5 kilo 22 da rabi, K2O kilo 22 da rabi. Wato rabin naitirojin ɗin da takarda ta nema, rabin fosfaras da ɗan ɗori, sai fotash da gonar ba ta tambaye ku ba. Kamfa ba ta yi wa gona laifi ba kamar yadda Baba ya ce, sai dai kashi ɗaya cikin uku na abin da kuke saya a buhun, gonar tana da shi. In kamfar ce kaɗai ke hannu, buhu biyar da ɗan ɗori za su cika fosfaras ɗin, ka bi da yuriya buhu biyu da ɗan ɗori.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne 5.2 ɗin nan. Ma'aunin pH ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar awon mudu. Duk saukar lamba ɗaya ninki goma ce, ƙasa mai 5.2 ta ninka mai 6.2 tsami sau goma. Da zarar an gangara ƙasa da 5.5, alminiyam ɗin da ke kwance cikin ƙasa yakan fara narkewa, shi kuma guba ne ga bakin saiwa. Gajeriyar saiwar da ka tuge ka gani ta dunƙule, alamarsa ce. Sannan a ƙasa mai tsami alminiyam da ƙarfe kan kama fosfaras su riƙe shi gam, shuka tana ji tana gani ba ta samu. Jan ganyen da ka ambata shi ne kukan rashin fosfaras. Ka ga ke nan takardar da idonka sun faɗi abu ɗaya, wannan kuwa yana ƙara mini yarda da ita.

Daga ina tsamin ya zo? Ruwan sama yana wanke kalsiyam da maganiziyam daga jigawa, amfanin da ake kwashewa duk shekara yana tafiya da nasa, yuriyar kanta kuma tana barin tsami a baya. Buhu ɗaya na yuriya kan bar tsamin da sai kimanin kilo 40 na farar ƙasa zai kashe shi. A shekara ɗaya ba komai ba ne, amma ka tara shekarun da Baba ya yi yana noma. Gonar da ya sani a ƙuruciyarsa ba ita ce ta yau ba, kuma wannan ba laifinsa ba ne.

Masanin nan na Jamus, Carl Sprengel, ya faɗa tun 1828, Justus von Liebig kuma ya yaɗa maganar bayansa, cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke wa amfani iyaka. Kamar bokiti ne mai huji a gefe, ko kogi ka juye masa ruwa ba zai wuce hujin ba. A gonarku hujin shi ne tsami da fosfaras. Don haka ban ba ka shawarar tsallake farar ƙasa ba. Ka nemi ta noma, mai laushi kamar gari, ka watsa, ka bi da huɗa don ta cakuɗu da ƙasa, tunda ba ta nutsawa da kanta da sauri. Tana son danshi da watanni kafin ta yi aiki, amma aikinta kan ɗauki shekaru. In ƙarfinku bai kai hekta guda ba, gara ku yi wa kwata ɗaya cikakken magani da ku barbaɗa wa duka abin da ba zai motsa komai ba.

Mai Garma ya amsa:

Malam, da girmamawa, lissafinka ya fita fes, amma bari in kawo nawa ɓangaren don kada yaron nan ya ɗauka takarda wahayi ce.

Ni ma na yi gwajin. Na cakuɗa ƙasa a bokiti ɗaya, yadda ka bayyana, na raba ta leda biyu na tura wurare biyu. Ɗaya ya ce fosfaras ɗina 7, ɗayan ya ce 13. Ɗaya ya ce kada in sa fotash, ɗayan ya ce in sa. Ƙasa ɗaya fa, bokiti ɗaya. Wanne zan bi? Kuma takarda ta biyun ba ta iso ba sai da masara ta kai gwiwa, lokacin da ba abin da za a yi da ita. Ta kuma ce in nemi taki mai zink da boron, na tambayi duk masu sayar da takin da na sani, ba wanda ya taɓa ganinsa.

Abu na biyu, wanda masu rubuta shawara ba su cika tunawa ba: su ba su da asara. Sun ce Auta ya ninka yuriyarsa daga buhu ɗaya zuwa huɗu. In ruwa ya ɗauke lokacin da masara ke fitar da gemu, wa zai biya shi? Manomi ba jahilci ke hana shi bin takarda ba. Yana auna bashin da zai ci ne da damina wadda ba wanda ya san yadda za ta kaya. Tsoho irin Baba da ya tsaya a kan buhu uku da ɗaya, ya tsaya ne a kan abin da ya san ko damina ta yi gardama ba zai tsiyata shi ba.

Ni abin da na gani da idona ya yi aiki a jigawa shi ne takin gida da toka. Inda na zuba su, ko kamfar da na bi da ita sai ta fi ci.

Mai Aikin Ɗakin Gwaji ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Yaya Mai Garma, ba ƙarya a abin da ka faɗa, kuma ni da nake wannan aiki ba zan kare kowane ɗakin gwaji ba, akwai masu sakaci. Amma bambancin 7 da 13 ba lallai ne kuskure ba. Ba a auna dukkan fosfaras ɗin da ke cikin ƙasa, ana jiƙa ta ne da wani ruwan sinadari a ga nawa ya tatso, kuma ruwan ba iri ɗaya ba ne. Akwai hanyar Bray da Kurtz ta 1945 daga jami'ar Illinois a Amurka, wadda ta dace da ƙasa mai tsami. Akwai ta Olsen ta 1954 don ƙasa mai kanwa-kanwa. Akwai Mehlich-3 ta 1984 da ke tatso sinadarai da yawa a lokaci guda. Kowace da lambarta da kuma iyakar da take kira "ya yi kaɗan". Shi ya sa lamba ba ta da ma'ana sai an san hanyar. Ta Auta an rubuta Bray-1, ta dace da ƙasarsa, kuma miligiram 6 a kilo kaɗan ne ko a wurin wa.

Batun fotash kuma, ra'ayi biyu ne a tsakanin masana. Wasu na cewa in ƙasa tana da abin da zai ishi shukar bana, kada a ƙara. Wasu na cewa a mayar da duk abin da amfani ya kwashe don kada rumbun ƙasa ya ragu. Na farko ya fi sauƙi ga aljihu, na biyu ya fi duba gaba. Takardar Auta ta bi na farko. Sai dai Auta, ka lura: akasarin fotashiyam ɗin da masara ke sha yana zama ne a kara da ganye, ba a ƙwaya ba. In kuna kwashe kara kakaf duk shekara, 0.35 ɗin nan ba zai daɗe ba a jigawa. Sifilin na bana ne, ba na har abada ba. Ka sake gwaji bayan shekara uku, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, don lambobin su kwatantu.

Wani abu da ba a cika gaya wa manomi ba: kilo 90 na N ɗin nan ba daga awon naitirojin ya fito kai tsaye ba. Naitirojin ba ya zama wuri ɗaya, ruwa ɗaya mai ƙarfi na iya gangarar da shi, abin da aka auna da rani ba shi za a tarar da damina ba. Ana ƙiyasta shi ne daga yawan amfanin da ake hari da kuma ƙarfin ƙasar, wanda kabon 0.5, wato awon ruɓaɓɓen ganye da taki a cikin ƙasa, ke nuna ya yi rauni ƙwarai. To in amfanin da aka hara ya fi abin da irinka da ruwanka za su iya bayarwa, kana da damar ragewa. A nan na goyi bayan Yaya Mai Garma. Cikin shawarar duka, pH da fosfaras ne na fi amincewa da su, N kuwa abin tattaunawa ne. Takin gida da ya ambata ma ba kishiyar takarda ba ne, shi ne maganin 0.5 ɗin, toka kuma tana rage tsami tana kawo fotashiyam.

In kana da zaɓi tsakanin SSP da TSP, a jigawa irin taka na fi son SSP, don tana ɗauke da salfa sama da kashi 10, wadda yuriya da TSP ba sa bayarwa. Habasha ta koyi wannan darasi. Shekaru da yawa takin DAP (mai naitirojin da fosfaras) da yuriya kaɗai manomanta ke zubawa, sai da aka fara taswirar ƙasar noma ta ƙasa baki ɗaya a 2012 aka gano wurare da dama na fama da ƙarancin salfa da boron da zink, aka koma taki mai salfa a ciki.

Ita kuma takarda kaɗai ba ta noma. Indiya ta ƙaddamar da katin lafiyar ƙasa a Fabrairun 2015, ana auna abubuwa 12, an raba miliyoyin katuna. Amma wani bincike da cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya, IFPRI, ta fitar a 2016 kan manoman jihar Bihar ya nuna waɗanda aka ba shawarar gwajin ƙasa ba su sauya yadda suke zuba taki ba. Ni ban yi mamaki ba. In aka miƙa wa mutum P2O5 da K2O aka juya masa baya, kamar yadda aka yi wa Auta, aljihu zai sa ta. Ya kamata mu riƙa rubuta shawara da buhu, kuma da takin da ake samu a kusa da manomi.

Autan Manoma ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru matuƙa. Malam, jigawa da laka daban-daban na ɗiba, kowace daga wurare da yawa a karkace, a bokitin roba, na kuma kauce wa surin da ke tsakiyar gonar. Karan masara kuwa, Anti, gaskiya duk shekara kwashe shi muke yi wa dabbobi, ba a barin komai.

Matsalar da ta rage ita ce Baba. Gonarsa ce, kuma ba zan tsaya ina jayayya da shi a kanta ba. Na karanta masa amsoshinku, ya ce Mai Garma ne kaɗai ya yi magana irin ta manomi. Amma da na zo kan gajeriyar saiwa ya yi shiru, ya ce shi ma ya lura da ita.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Kada ka yi jayayya da shi, Auta, gani ya kori ji. Ka roƙe shi ya ara maka ɗan yanki a jigawar, ka yanka fegi huɗu, kowane mita 10 a mita 50. Wannan kashi ɗaya ne cikin ashirin na hekta, lissafinsa ba wuya. Fegi na farko a yi masa yadda Baba ya saba: kamfa kilo 7 da rabi, yuriya kilo 2 da rabi. Na biyu ka bi takarda ba farar ƙasa: SSP kilo 11, yuriya kilo 10. Na uku irin na biyu, da farar ƙasa kilo 50. Na huɗu irin na uku, amma ka rage yuriyar zuwa kilo 6 ko 7, don mu ga ko damuwar Mai Garma tana da mafita. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma da maimai rana ɗaya, in ba haka ba gwajin ya tashi a banza.

Farar ƙasar ka zuba ta yanzu ka huɗe, kada ka haɗa ta da yuriya ko sufa a rana ɗaya, don tana sa naitirojin ɗin yuriya ya tsere a iska. Sufar duka ta shiga lokacin shuka, a binne ta ɗan nesa da iri kamar faɗin yatsu uku, tunda fosfaras ba ya tafiya ya nemi saiwa. Yuriya ka raba ta: kashi ɗaya cikin uku da wuri, sauran idan masara ta kai gwiwa, a binne cikin danshi, kada a watsa a bar ta a rana.

Da kaka kada ku yi hukunci da ido ko da yawan dami. Ku bar kunyoyin gefe, ku girbe na tsakiya, ku ɓare, ku shanya, ku ɗora a sikeli, sannan ku cire kuɗin takin kowane fegi daga abin da ya bayar. Ka bar Baba ya zaɓi inda kowane fegi zai zauna, shi kuma ya riƙe sikelin. Ka gaya masa tun yanzu cewa farar ƙasa na iya ƙin nuna cikakken aikinta sai a damina ta biyu, don haka ku kafa turaku kada alamar fegin ta ɓace.

Ka turo mana takardar ɓangaren lakar ma, ina zargin shawararta ba za ta zo ɗaya da ta jigawar ba.